Yadda Ake Saita Sansar Kiranshaf da ta Kamshaf a Sabon Birenbos

Birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa mai da wutar inji, wanda mota ta zo da shi daga kamfani, tun a Japan ko Jamus aka rubuta masa komai a ciki: ya san irin sansar da ke jikin injin, ya san yawan haƙoran da za ta gani, ya san inda fistin yake idan haƙori kaza ya wuce. Irin wanda ake saya daban a saita da laftof kuwa, su Speeduino da MegaSquirt da rusEFI, ko masu tsada irin Haltech da Link, fanko yake zuwa. Kai za ka gaya masa komai, kuma abin da ka gaya masa da shi zai yi aiki, gaskiya ne ko ƙarya.

A nan Gombe dalilan da ke kai mutum ga wannan aiki sanannu ne. Wani birenbos ɗinsa ne ya ƙone ko ruwa ya shige shi. Wani makulli ya ɓata, na'urar tsaron motar ta kulle. Wani ya ɗauko injin Beljiyam daga Ladipo ko Ƙofar Ruwa zai dasa a tsohuwar bodi, wayoyin ba su dace ba. Akwai kuma masu son raba tsohuwar fikof da kafireta tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a 2023. Ko wane ne dalilinka, sharaɗina ɗaya ne: kada ɗigon mai ya shiga silinda sai fitilar tayimin, wadda ke walƙiya duk lokacin da fulogi ya ba da wuta, ta gaskata lambar da laftof ke nunawa. Jadawalin mai da na wuta duk suna iya jira.

Abin da akwatin yake karantawa

A jikin kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, ko bayan fuli ko a kan fulawil, akwai faifan ƙarfe mai haƙora. Sansa tana kusa da bakinsa, duk haƙorin da ya gifta sai ta aika wa birenbos alama. Daga tazarar lokaci tsakanin haƙori da haƙori yake lissafa gudun inji. Amma da haƙoran duk iri ɗaya ne, da ba zai san inda zagaye ya fara ba, shi ya sa ake cire ɗaya ko biyu a bar giɓi. Kamar mai jan carbi ne a cikin duhu: ƙwayoyin duk ɗaya suke a yatsa, sai ya taɓo doguwar nan ta sama yake sanin ya zagayo.

Sunan faifan yana faɗin yadda yake. 36-1 na nufin gurbin haƙora 36 aka cire 1, kowane haƙori digiri 10. Wannan salon Ford ne. 60-2 salon Bosch ne, digiri 6 kowane haƙori, shi za ka tarar a Peugeot 406 da yawancin injinan Volkswagen da BMW. Toyota ta fi son 36-2, wato haƙora 34 na zahiri, kamar a 1ZZ-FE na Corolla da 2AZ-FE na Camry da 1MZ-FE na Sienna. Injin K24 na Honda EOD shi ƙari aka yi masa, haƙora 12 da ƙarin guda 1. Tsofaffin Toyota masu dilko, abin da ke rarraba wuta ga fulogai, suna da haƙora 24 a cikin dilkon, tsofaffin Nissan kuma faifai ne mai tsaga 360 da ake karantawa da haske. Duk da haka kada ka dogara da abin da ka ji. Cire sansar, ka haska tocila cikin ramin, ka sa yaro ya juya inji a hankali da sifana, ka ƙirga da idonka. Injin Beljiyam ba ya zuwa da tarihinsa, kuma an sha canza fulawil.

Wani abu kuma: inji mai bugu huɗu sai kiranshaf ya yi zagaye biyu, digiri 720, kafin silinda ta kammala aikinta, kamshaf kuwa, sandar da ke buɗe bawul, zagaye ɗaya yake yi. Saboda haka sansar kiranshaf kaɗai ba ta iya bambance ko fistin na 1 ya hau ne yana matse iska ko yana fitar da hayaƙi. Wannan aikin sansar kamshaf ne. Za mu zo kanta, amma daga baya. Inji yana tashi lafiya lau ba tare da ita ba idan aka sa fulogi biyu-biyu su riƙa ba da wuta tare, 1 da 4, 2 da 3, kuma da haka nake so ka fara.

Mataki na farko: gane irin sansar

Iri biyu ne za ka fi haɗuwa da su. Ta farko ana ce mata VR: maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla, ba ta buƙatar wuta daga ko'ina, da kanta take haifar da wuta mai kai-komo idan haƙori ya gifta. Ƙarfin wutar yana bin gudun inji. A lokacin buga kik ba ta wuce rabin V zuwa ɗaya ko biyu ba, amma idan inji ya ɗau zafi tana kaiwa gommai. Ta biyu ita ce Hall: tana da ɗan lantarki a cikinta, ana ba ta 5V ko 12V, ita kuma ta riƙa kunnawa da kashewa, ƙarfi ɗaya ko a hankali inji ke juyawa ko da gudu.

Masu rewaya da yawa suna cewa waya biyu VR, waya uku Hall. Rabin gaskiya ce, kuma a nan ake ƙona kaya. Sansar Bosch da ke jikin motocin Turai da dama VR ce mai ƙafa uku, ta ukun ragar kariya ce kawai. Don haka ɗauko mita ka sa ta a awon om, ka gwada ƙafafun biyu-biyu. Idan ka samu biyu da ke ba da lamba tsayayya, daga ɗaruruwan om zuwa dubu biyu da wani abu, kuma lambar ba ta canza ba ko ka juya wayoyin mitar, ta ukun kuma ba ta haɗu da kowa ba, to VR ce. Idan lambobin sun yi ta tsalle ko sun bambanta da juya wayoyi, Hall ce. Kamun sukundireba ba hujja ba ne, domin Hall da yawa ma suna da maganaɗisu a ciki.

Idan VR ce, sai ka gano wace ƙafa ce fosatif. Mayar da mita kan ƙaramin awon V na batir, ka haɗa da ƙafafun biyu, ka kawo sifana bakin sansar da sauri. Idan lambar ta yi sama lokacin da ƙarfen ke matsowa, ta koma ƙasa da sifili lokacin da ka fizge shi, to ƙafar da jar wayar mita take kai ita ce fosatif. Yi mata alama. Mitar allura ta fi nuna wannan sarai, idan akwai tsohuwa a shagon.

Idan Hall ce, duba tsohon soket ɗin motar da makulli a kunne ka ga ko 5V ko 12V ake ba ta, ka ba ta irinsa. Yawancinsu ba sa tura wuta a wayar alama, janyo ta ƙasa kawai suke yi, saboda haka sai an sa razista ta om 1,000 tsakanin wayar alamar da 5V. Wasu akwatunan suna da ita a ciki, ana kunna ta a laftof ko da ɗan abin haɗi a kan allon. In babu ita, sansa lafiyayya za ta yi shiru ka ɗauka ta mutu. Bayan ka haɗa, juya inji da hannu, ka ga mita tana sauka kusa da sifili tana komawa 5V.

Kafin ka mayar da ita, dubi bakinta. Za ka ga garin ƙarfe ya taru ya miƙe tsaye, baƙi, ya caɓe da mai da ƙurar hunturu. Goge shi tas da tsumma. Duba ko robar ta tsage, ko akwai kurjin da ke nuna haƙori yana gogar ta.

Mataki na biyu: waya

Speeduino, wanda wani ɗan Ostareliya mai suna Josh Stewart ya ƙirƙira a kan allon Arduino Mega 2560, ba ya karanta VR kai tsaye. Sai an sa masa ɗan ƙaramin allo mai gyara alamar, galibi mai ɗauke da MAX9926, wanda ke mayar da wutar kai-komon ta zama kunna-kashe. Idan za ka yi oda, ka haɗa da shi tun farko, don jiran kaya daga waje ba ƙaramin ɓata lokaci ba ne. Manyan akwatunan suna da nasu a ciki, zaɓa kawai ake yi.

Wayar sansa, musamman ta VR, ta zama mai raga, wadda aka murɗa biyun cikinta. Ragar a haɗa ta da negatif a ɓangaren birenbos kaɗai, a bar ta a sake a ɓangaren sansa. Negatif ɗin sansar ya koma ƙafar da akwatin ya ware wa sansoshi, ba a ɗaure shi a noti mafi kusa a jikin inji ba. Dalili shi ne lokacin buga kik ɗaruruwan amfiya ne ke ratsa jikin injin, alamar da ba ta kai V ɗaya ba kuwa nan take za ta nutse a ciki. Ka nisanta wayar daga kwayil, wayoyin fulogi, altaneta da babbar wayar kik. Idan dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Fulogi kuma a sa masu razista, waɗanda a lambar NGK za ka ga harafin R.

Sai maganar murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin tef. A fitilar baya ana iya yafewa. A wayar kiranshaf ban yarda ba. A yi dalma ko a matse da abin matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Tef a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu narkewa yake, ya saki, mota ta riƙa mutuwa a gargada kana zargin famfon mai.

Tazarar bakin sansa da haƙori yawanci tsakanin rabin milimita da milimita 1 ce. Idan faifan na kamfani ne, wannan a shirye yake. Idan kai ne ka sa aka yanka maka don tsohon injin da ba shi da shi, to ya zama ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, ba alminiyam ba, a kai wa tona, mai injin sassaƙa ƙarfe, ya daidaita tsakiyarsa, a auna tazarar da filageji, siraran ƙarafan nan na awon tazara, a wurare huɗu na zagayen. Ƙarfen da ke riƙe da sansar ya zama mai kauri. Idan kana iya lanƙwasa shi da yatsa, inji ma zai iya. Kuma kada giɓin ya zo gaban sansa daidai lokacin da fistin ke ƙololuwa, domin a nan inji ke rage sauri yayin kik, akwatin ya rikice tsakanin giɓi da jinkiri. Ford a injinanta masu silinda 4 ta sa giɓin ya wuce digiri 90 kafin ƙololuwa, a masu 6 digiri 60, a masu 8 digiri 50. Kwaikwayon wannan ba laifi ba ne.

Mataki na uku: ƙololuwar fistin da ƙidayar haƙora

Nan ne zuciyar aikin. Cire fulogai duka. Toshe ramin na 1 da babban yatsa, yaro ya juya inji ta hanyar da yake juyawa. Idan ka ji iska na ture yatsanka, fistin na hawa a bugun matsewa. Ci gaba har alamar fuli ta zo kan sifili. Wannan wurin, ƙololuwar hawan fistin, shi ne TDC da za ka riƙa gani a laftof.

Amma shin alamar fulin gaskiya ce? Fuli da yawa guda biyu ne aka haɗa da roba a tsakani, idan robar ta tsufa sai na wajen ya zame, alamar ta kauce. Tabbatarwa ba wuya. Fasa tsohon fulogi ka cire farin cikinsa, ka sa dogon noti ya leƙo, ka ɗaura a ramin na 1 bayan ka saukar da fistin. Cire kan batir tukuna, kada wani ya taɓa makulli. Juya inji da hannu a hankali har fistin ya tokare, ka yi alama a fuli daidai da tsinken nuni. Juya baya har ya sake tokarewa ta ɗaya ɓangaren, ka sake alama. Tsakiyar alamun nan biyu ita ce TDC ta gaskiya. Shafa mata farin fenti siriri.

Ka ƙara alama ta biyu ta digiri 10 kafin TDC. Auna kewayen fulin da tef ɗin tela ka raba gida 36. Fuli mai faɗin milimita 140 kewayensa kusan 440 ne, digiri 10 ke nan milimita 12 da ɗan ɗoriya. Alamar tana ɓangaren da zai riga ta TDC isowa wurin tsinke idan inji na juyawa. Yawancin injina suna bin hannun agogo idan ka tsaya a gaban fuli, amma tsofaffin Honda masu injin D, B, F da H baya suke yi, a kula.

Yanzu cire fulogin mai notin, ka tsayar da inji a TDC, ka nemi giɓin. Haƙori na 1 shi ne wanda ke fara giftawa gaban sansa bayan giɓin ya wuce. Daga shi ka ƙirga zuwa haƙorin da ke fuskantar sansar a yanzu. A ce faifan 36-1 ne, ka tarar na 9 ne a gabanta. To tazara 8 ce ta wuce tun da na 1 ya gifta, 8 sau 10, digiri 80 kafin TDC. Idan 60-2 ne kuma na 14 ne a gabanta, 13 sau 6, digiri 78. Tazara ake ƙirgawa, ba haƙora ba. Wanda ya manta ya rage 1 zai tashi da kuskuren digiri 10 ko 6.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne kowane akwati da yadda yake son a ba shi wannan lamba. MegaSquirt yana tambayar digiri nawa kafin TDC, sai ka rubuta 80. Speeduino yana tambayar digiri nawa bayan TDC, sai ka cire 80 daga 360 ka rubuta 280. Mutum ya kwafo lamba daga wayarsa ba tare da sanin na wane akwati ba ce, ya buga kik, wuta ta fito ta totur. Karanta abin da aka rubuta a gefen gurbin kafin ka cika shi.

Mataki na huɗu: laftof, ba mai ba wuta

Zare soket ɗin kwayil duka, cire fiyus ɗin famfon mai da na nozul. Kwayil ɗin da aka bari a haɗe alhali ba a saita yadda za a kunna shi ba yana iya ɗaukar wuta ba tsayawa, ya yi zafi ya fashe tun ba a buga kik ba. Batir ya zama cikakke. Laftof kuma ya yi aiki da batirinsa, don cajar da ke jone da janareta tana shigo da hayaniya ta wayar USB, haɗin ya riƙa yankewa.

Buɗe TunerStudio, ko manhajar da kamfanin akwatinka ya bayar, ka je shafin saitin sansa. Zaɓi salon faifai mai giɓi, rubuta adadin haƙora har da waɗanda aka cire, wato 36 ko 60, sannan adadin da aka cire. Faɗa masa a kiranshaf faifan yake ko a kamshaf. Wanda ke cikin dilko gudun kamshaf yake yi, kuma idan ka kuskure nan RPM, wato yawan zagayen inji a minti, zai nuna rabi ko ninki. Sa lambar kusurwar da ka lissafa. Matatar hayaniya a bar ta a kashe ko a mafi rauni. Sai zaɓin gefen alama, mai hawa ko mai sauka. Ga Hall a faifai mai giɓi kowanne yana aiki, kusurwar ce kawai za ta ɗan matsa. Ga VR ɗaya ne tak daidai, kuma ya danganta da allon gyaran da ka sa, don haka bi takardarsa, sannan ka tabbatar da abin da ke tafe.

“Oga, in buga?” in ji yaro.

“Buga, kada ka saki sai na ce.”

Abu na farko da za ka duba RPM ne. Ya tsaya wuri ɗaya, wajen 200 zuwa 300 tunda babu fulogai. Idan sifili ne, koma kan waya, razista ko tazara. Idan yana tsalle daga 180 zuwa 2,000 ya dawo, hayaniya ce ke shiga.

Daga nan buɗe shafin da ake kira Tooth Logger. Zai zana maka sanduna a jere, kowace sanda lokacin da haƙori ɗaya ya ɗauka. A faifan 36-1 lafiyayye za ka ga gajeru 34 kusan kai ɗaya, sai doguwa guda ɗaya mai ninki biyu, sai gajerun su sake farawa. A 60-2 da 36-2 doguwar ninki uku ce. Tsaya ka ƙirga su a kan allon, zagaye uku ko huɗu. Idan maimakon doguwa ɗaya ka ga matsakaita biyu a jere, wayoyin VR a juye suke ko gefen da ka zaɓa ba shi ba ne. Sauya ɗaya daga ciki, ba duka biyun ba, ka sake gwadawa. 'Yar guntuwar sanda da ta kutso tsakani hayaniya ce. Doguwa a inda babu giɓi na nufin sansa ta tsallake haƙori, ko tazara ta yi yawa ko faifan ya karkace ko wani haƙorin ya lotse. Idan ka mayar da fulogai, sandunan za su riƙa hawa da sauka a hankali saboda matsin silinda. Wannan ba matsala ba ce muddin doguwar ta fita daban.

Akwai masu ganin hayaniya su ƙure matata don ta ɓace. Ni ban ga hikimar ba. Matata mai ƙarfi tana iya haɗiye haƙoran gaske idan inji ya yi sama, ka sayi matsalar da sai a kan titi za ta bayyana. A gyara wayar.

Mataki na biyar: fitilar tayimin

Saita yadda akwatin zai kunna kwayil bisa ga takardar kwayil ɗin ko ta abin kunna shi, kashe makulli, mayar da fulogai da soket ɗin kwayil. Kunna makulli ka ɗora hannu a kansu na ɗan lokaci. Idan ɗaya ya fara ɗumi inji bai juya ba, kashe nan take, saitin a juye yake. Mai dai har yanzu a cire.

A laftof ka kulle tayimin a digiri 10, har da na lokacin kik, domin shi gurbinsa daban ne. Maƙala fitilar a wayar fulogi na 1. Idan injin mai kwayil a kan kowane fulogi ne, ciro kwayil na 1 ka sa guntuwar wayar fulogi tsakaninsa da fulogin, ka maƙala a nan. Idan fitilarka mai abin murɗawa ce a baya, bar shi a sifili, saboda wutar biyu-biyu tana ruɗa lissafinta. Ja motar inuwa, ko ka jira la'asar, don ranar Gombe tana cinye hasken fitilar.

A buga kik. Alamarka ta digiri 10 ya kamata ta tsaya cak a kan tsinke. Idan ba ta tsaya a nan ba, kada ka taɓa komai sai lambar kusurwa. A ce fitila ta nuna digiri 4 maimakon 10: wuta ta makara da 6. A MegaSquirt sai 80 ta koma 74, a Speeduino 280 ta koma 286. Gyara, sake bugawa, har su yi daidai. Idan ba ka ga alamar ba sam, wataƙila ka kauce da digiri 180, ko wayoyin kwayil sun musanya.

Sai yanzu za ka mayar da fiyus ɗin mai. Idan inji ya tashi ya zauna a sulo, sake haskawa, don a nan awon ya fi na kik inganci. Sannan, tayimin na kulle, a taka totur a hankali zuwa 3,000 ko 4,000. Alamar kada ta motsa fiye da digiri 1 ko 2. Idan tana ja baya kaɗan-kaɗan daidai da hawan inji, jinkirin lantarki ne: a RPM 6,000 kiranshaf yana cin digiri 36 cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, don haka ɗan jinkirin da ba a ji yana zama digiri 3 ko 4. Wasu akwatunan, kamar MegaSquirt, suna da gurbin rama wannan. Idan kuwa alamar ta gudu da digiri goma-goma, ba jinkiri ba ne. Ko VR a juye take, ko kwayil yana ba da wuta a farkon cajinsa maimakon ƙarshe. Kashe inji ka koma baya. Injin da aka fita da shi titi a haka yana iya huda fistin, musamman da irin man da wani lokaci ake samu a bakin hanya.

Idan komai ya zauna, buɗe kullen tayimin ɗin. Ana yawan mantawa, mota ta fita ba ƙarfi tana zafi. Danna maɓallin da ke rubuta saitin a cikin akwatin, ka ajiye kwafi a laftof da wani a waya, ka kuma rubuta lambar kusurwar da alƙalamin maka a cikin murfin birenbos ɗin.

Sansar kamshaf

Idan kana son kowace nozul da kowane kwayil su yi aiki a lokacinsu ɗaya bayan ɗaya, ko injin mai VVT-i ne, tsarin Toyota mai matsar da lokacin buɗe bawul, kana son akwatin ya sarrafa shi, sai ka haɗa ta. Gwaji da waya duk irin na baya ne. Zaɓi salonta daidai, domin wata haƙori ɗaya ce, wasu na Toyota uku ne. Buɗe Composite Logger, wanda ke nuna alamun biyu tare, ka tabbata alamar kamshaf tana zuwa wuri ɗaya a kowane zagaye biyu, kuma da 'yar tazara tsakaninta da giɓin. Idan ta faɗo dab da shi, ɗan sakin bel ko motsin VVT-i zai riƙa tsallakar da ita gaba da baya, akwatin ya riƙa musanya silinda; sauya gefen da ake karantawa yakan magance. Bayan ka koma ɗaya bayan ɗaya, idan inji ya ƙi tashi ko yana harbi ta salansa alhali ɗazu lafiya yake, ka kauce da zagaye guda ne: ƙara ko rage 360 a lambar kusurwa, ka sake haskawa.

Gwajin titi

A cikin manhajar akwai ma'aunin da ke ƙirga sau nawa akwatin ya ɓatar da lissafin haƙora. Fito da shi kan allo, ka kunna ɗaukar bayanai, wani ya tuƙa kai kana riƙe da laftof. Kunna fitilu, fanka da na'urar sanyi, a danna ham. Ku hau hanyar Kumo ko ta Dukku inda za a samu sarari a ja kowace giya, ku bi ta gargada ma da gangan. Lambar ta tsaya inda take.

Idan ta ƙaru, duba a wane hali. A RPM guda kullum, can sama: ko ƙarfen riƙe sansa na rawa, ko wutar VR ta yi wa allon gyara yawa, abin da aka fi gani a 60-2, kuma razista ta om 10,000 a tsakanin wayoyin biyu takan kwantar da ita. Lokacin da fanka ta tashi: negatif ne ko hanyar da waya ta bi. A gargada: soket ko haɗi. Bayan an wanke inji: ruwa a soket. Idan kuwa sai mota ta yi zafi take mutuwa, ta huce ta tashi, to siririyar wayar cikin VR ce ta tsinke tana buɗewa da zafi. Auna om ɗinta a daidai lokacin da motar ta mutu, tun ba ta huce ba, za ka ga mita ta nuna a buɗe. A canza ta da mai lamba iri ɗaya, a sake duba sanduna, a sake kulle tayimin a haska, domin sabuwar tana iya zuwa da ƙafafunta a juye.